Ɗigon da Ke Jin Umarni: Daga Gorar Nono Zuwa Rijiyar Agadem

A garakan albasa na bakin tabkin Tabalak da na kwarin Keita akwai wani aiki da ake yi kowace safiya a lokacin noman rani. Manomi ya kwance murfin kwalbar maganin ƙwari, ya auna wani abu mai kalar man gyaɗa, ya zuba cikin famfon feshi mai cin lita 15 ko 16, ya cika da ruwan rijiya. Kafin ya gama girgizawa ruwan ya koma fari fat, alhali babu farar kala ko kaɗan a cikin kwalbar. Man ne ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo miliyoyi, kowane bai kai kaurin gashin kai ba, suna yawo cikin ruwan suna watsa hasken da ya faɗa musu. Ita ma madarar saniya da haka take samun farinta.

Mai da ruwa dai ba sa ga-maciji. A zuba man gyaɗa cikin kwalbar ruwa a girgiza har hannu ya gaji, ana ajiyewa man zai tattaru ya taso sama. Abin da ya hana maganin manomin yin haka wani sinadari ne na uku da masana'anta ta saka a ciki, kuma haruffan EC da ke jikin kwalbar shaida ce cewa yana nan. Masana na kiran wannan rukuni safaktan, wato dangin sabulu.

Shekaru da dama ke nan masu bincike a Kanada, Faransa, Amurka, Japan da Ingila suna fama da tambaya guda game da su. Dangin sabulu sun iya haɗa mai da ruwa, to yaya za a yi su saki idan buƙata ta biya? Dillalin kasuwar dabbobi ta Tawa ranar Lahadi yakan shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, ciniki na faɗawa ya karɓi la'adarsa ya yi gaba. Shi kuwa sabulu idan ya shiga tsakani ba ya fita, ko da an koma ana neman raba abin da ya haɗa. Wanda ake nema yanzu shi ne wanda za a ce masa zo ya zo, a ce masa tafi ya tafi, ta hanyar haske, ko iska, ko zafi, ko tsami, ko lantarki, ko maganaɗisu.

Kai da wutsiya

Ƙwayar sabulu guda tana da kai mai son ruwa da doguwar wutsiya mai son mai. Idan ta tarar da ɗigon mai cikin ruwa sai ta cusa wutsiyar a cikin man ta bar kan a waje, ƴan'uwanta dubun dubata su yi haka har su rufe ɗigon ruf. Da yake kawunan duk cajin lantarki iri ɗaya suke ɗauke da shi, ɗigo biyu na kusantar juna sai su ture juna, babu damar haɗewa.

Aikinsu na biyu ya shafi fuskar ruwa. Fuskar ruwa tana da wani ɗauri, shi ke sa ƙananan ƙwari su yi tafiya a kan tabki ba su nutse ba, shi ke sa ɗigo ya dunƙule. A ma'aunin masana ɗaurin ruwa zalla 72 ne, sabulu kaɗan kuma yakan sauko da shi wajen 30. Cikin waɗanda suka fara auna wannan abu da kyau akwai Agnes Pockels, wata Bajamushiya da ba ta samu shiga jami'a ba saboda mata ba su da wannan dama a zamaninta. A madafar gidansu, tana kallon ruwan wanke-wanke, ta ƙera ma'auni da farantin kwano da maɓallin riga. Ta rubuta wa Lord Rayleigh na Ingila wasiƙa, shi kuma ya sa mujallar Nature ta buga ta a 1891.

Idan ɗaurin ya bambanta daga wannan gefe zuwa wancan, ruwa yakan gudu daga inda ya yi sako-sako zuwa inda ya yi tsauri. Yaro ma zai iya gwadawa: a barbaɗa garin barkono a kan farantin ruwa, a taɓa tsakiya da yatsa mai sabulu, barkonon zai watse zuwa baki cikin ƙiftawar ido. James Thomson ya bayyana wannan a 1855, Carlo Marangoni na Italiya ya zurfafa shi a 1865, sunansa kuma ya bi abin. Ke nan wanda ya iya kunna sabulu a gefe guda na ɗigo ya kashe shi a ɗaya gefen, zai iya tura ɗigon inda ya ga dama ba tare da ya taɓa shi ba.

Abin da matan Adar suka daɗe suna yi

Kafin a je ɗakunan bincike yana da kyau a leƙa rugage da tsakar gida, domin a can ake raba mai da ruwa kullum.

Madarar da aka tatso daga saniyar Azawak ruwa ce da kitse ke yawo a cikinta ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo lulluɓe da siririyar fata da ke hana shi manne wa ɗan'uwansa. Ban da kitsen akwai furotin mai suna kasin, shi ma dunƙule-dunƙule, yana ture juna da caji. A ma'aunin tsami na pH sabuwar madara tana wajen 6.7. Idan ta kwana cikin ƙwarya ƙwayoyin halitta na cinye sukarinta suna fitar da tsami, ma'aunin na sauka, yana kaiwa 4.6 cajin kasin ya mutu, ya kama juna, kindirmo ya yi kauri. Daga nan mace ta juye shi cikin gora ta toshe baki, ta yi ta kaɗawa. Bugun da ɗigon kitse ke sha yana yage fatarsu, su fara mannewa, su zama tsaki-tsaki, sannan curi guda. Da sanyin safiya ake wannan aiki, idan kuma garin ya ɗau zafi a ɗan zuba ruwan sanyi, saboda sai wani ɓangare na kitsen ya daskare mannewar ke yiwuwa. A ƙarshe lamarin ya juye: da farko kitse ne cikin ruwa, yanzu man shanu ne mai kitse kusan kashi 80 cikin 100, ruwa kuma ya koma ɗigo-ɗigo a cikinsa.

Cukun da Buzaye da Fulani mata ke yi a yankin Abalak da Cintabaraden, wanda ake tallarsa a tashoshin Tawa, da wani makunni daban ake yinsa. Ana jiƙa ɓallin busasshen tumbin ɗan akuya ko ɗan tunkiya da bai fara cin ciyawa ba, a ɗiga ruwan cikin sabuwar madara. Sinadarin da ke cikin tumbin yana datse ƴan gashin da ke bayan dunƙulen kasin, waɗanda su ne ke hana su haɗewa. Madarar ta kama ba tare da ta yi tsami ba, a shimfiɗa ta siririya a kan ƴar tabarmar kara, ruwa ya tsane, rana ta ƙarasa aikin.

Mai ƙuli-ƙuli ita ma haka. Kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne, amma a ɓoye yake cikin ƙananan ɗigo da furotin ya kewaye. Suya da niƙa suna raunana wannan kariya. Sai ta zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana tuƙawa da muciya, tunkuza ta sha ruwan ta dunƙule, mai ya fara tsattsafowa a gefen turmi. Idan ta zuba ruwan da yawa lokaci guda aikin ya ɓaci, kuma ta fi kowa sani.

Akwai kuma mai haɗawa wanda ba ya saki cikin sauƙi, shi ne ƙaron dakwara. Da shi almajirai ke dama tawada don kada baƙin gawayi ya kwanta a gindin kurtu. Masana'antun lemun kwalba na duniya da shi suke riƙe man ɓawon lemu cikin ruwa watanni, suna rubuta shi E414 a jikin kwalba. Sudan ce ta fi kowa fitar da shi, kuma da Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi a 1997 sai da aka samar wa ƙaro hanyar wucewa.

Duk waɗannan dabaru suna da iyaka guda: hanyarsu ɗaya ce. Cuku ba ya komawa madara, man gyaɗa ba ya komawa cikin ƙwaya. Sabulun gargajiya ne kaɗai ke zuwa ya dawo. Wanda ake dafawa da ruwan toka da mai ko kitse, idan aka zuba masa ruwan tsamiya ko na lemun tsami sai kumfa ya mutu, maiƙo ya taso, domin kan ƙwayar ya rasa cajinsa. A ƙara kanwa ya farfaɗo. Sai dai kowane zuwa da dawowa yana barin gishiri cikin ruwan, bayan ƴan zagaye ruwan ya lalace.

Makunnan ɗakin bincike

Wannan matsala ta gishiri ce Philip Jessop da abokan aikinsa na Jami'ar Queen's a Kanada suka kauce wa. A 2006 suka buga a mujallar Science labarin wani sinadari mai doguwar wutsiya, dangin amidin, wanda a zaune ba ya aikin sabulu. Da an hura iskar CO2 cikin ruwan da yake ciki sai kansa ya ɗau caji, ya kama riƙe ɗigon mai. Idan aka ɗuma ruwan zuwa digiri 65 aka hura masa iskar da ake shaƙa, CO2 ta fice, cajin ya tafi, mai da ruwa su rabu gida biyu. Babu abin da ya saura cikin ruwan, ana iya maimaitawa. Sun kuma gwada shi a kan ɗanyen man fetur da ya cakuɗe da ruwa, ya taimaka wajen raba su.

Makunnin haske ya fi ban sha'awa. Akwai wani sinadari, azobenzin, da ke miƙe sambal a cikin duhu ko ƙarƙashin shuɗin haske, amma hasken UV na faɗa masa sai ya lanƙwashe. Idan aka dasa shi a tsakiyar wutsiyar sabulu, wutsiyar da ta lanƙwashe ba ta iya jeruwa da kyau a bayan ɗigo, ɗaurin wurin ya ƙaru. A 2000 Kunihiro Ichimura a Japan ya shafe faranti da irin wannan sinadari ya sa ɗigon man zaitun ya rarrafa a kansa da haske kawai. A 2009 ƙungiyar Damien Baigl a birnin Paris ta ɗora ɗigon mai a kan ruwa mai ɗauke da wannan sabulu. Hasken UV ya kore shi, shuɗin haske ya jawo shi. Da suka haɗa biyun, shuɗi a tsakiya UV a kewaye, sai ɗigon ya shiga tarko, duk inda aka kai hasken ya bi, yana tafiyar da ta kusa santimita 2 a minti.

Sauran makunnan a taƙaice: Nicholas Abbott da abokansa a Amurka sun nuna a 1999 cewa sabulu mai ɗauke da ƙwayar ƙarfe yana kunnuwa ya mutu da ƴar wutar da ba ta kai ta batirin tocila ba. A 2010 ƙungiyar Bartosz Grzybowski ta Jami'ar Northwestern ta saki ɗigo cikin wasu lunguna masu ruɗarwa, ɗigon ya bi bambancin tsami ya gano gajeriyar hanyar fita da kansa. A 2012 Julian Eastoe na Jami'ar Bristol ya fito da sabulun da maganaɗisu ke ja.

Wanda ya fi kusa da amfanin asibiti shi ne aikin Lauren Zarzar da Timothy Swager na cibiyar MIT, wanda Nature ta buga a 2015. Sun yi ɗigo mai ɗauke da mai iri biyu da ba sa haɗuwa. Gwargwadon sabulun da ya fi ƙarfi a lokacin, wannan mai ya lulluɓe wancan, ko wancan ya lulluɓe wannan, ko su tsaya rabi da rabi, mai nauyin a ƙasa. Ɗigon rabi da rabi yana barin haske ya ratsa shi. Bayan shekaru 2 ɗakin binciken ya ɗaura wa sabulun wani sukari da ƙwayar cutar E. coli ke kamawa. Idan ƙwayar na cikin ruwan sai ta manna ɗigo da ɗigo, su karkace, ruwan ya yi hazo, har alamar da aka ajiye a ƙarƙashin kwalbar ta gagari kamarar wayar salula karantawa.

Ina ruwan Tawa da wannan?

Na farko, feshi. Jihar Tawa ce kan gaba wajen noman albasa a Nijar, kuma albasar Galmi na kaiwa kasuwannin Gana, Kodebuwa, Togo da Benin. Ganyen albasa a tsaye yake, ga shi lulluɓe da kaki, ɗigon ruwa na faɗa masa ya yi tsalle ko ya gangare ƙasa. Ƙananan ƙwarin da suka fi damun manomi kuwa can cikin matsatsin ganye suke ɓuya. Shi ya sa malaman gona ke cewa a murza ɗan sabulu cikin jiƙon ƴaƴan dogon yaro kafin a fesa, don ɗigon ya baje ya kama ganye. Amma sabulu ya yi yawa ɗigon yakan yi ƙanƙanta iska ta kwashe shi, ko ya zarce ya zube ƙasa ya bi ruwa zuwa tabki. Abin da ake buri shi ne maganin da zai zauna lafiya a kwalba, ya fita daga bakin famfo da girman da ya dace, yana taɓa ganye ya canza hali ya manne. A 2016 ƙungiyar Kripa Varanasi ta MIT ta gwada wata hanya: a fesa ruwa biyu masu caji kishiyar juna, inda suka haɗu a kan ganye su bar ɗan tabo mai riƙe ɗigon da ke biyowa.

Ruwan da ake zubawa a famfo shi ma makunni ne, ko manomi bai sani ba. Ƙasar Adar ƙasar dutsen farar ƙasa ce, shi masana'antar siminti ta Malbaza ke haƙa. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan ɗauko kalsiyam, wanda ke kama kawunan sabulu ya mai da su dusa-dusa. Mai wanki ta san rijiyar da ke cin sabulu. Irin wannan ruwa na rage ƙarfin wasu magungunan ciyawa, ruwa mai ɗanɗanon kanwa kuma na lalata wasu magungunan ƙwari tun suna cikin famfo. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana iya raba haɗin da ke cikin kwalbar da aka bari a rana a rumfar kasuwa.

Na biyu, man fetur. Ɗanyen mai yakan fito daga rijiya cakuɗe da ruwan gishiri, kuma yana ɗauke da nasa sinadaran da ke riƙe ɗigon ruwan. Masu saye ba sa karɓa sai ruwan ya sauko ƙasa da kashi 1 cikin 100, domin yana cin bututu yana ɓata tukwanen tacewa. Nijar ta shiga wannan harka a 2011 da matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, a 2024 kuma man Agadem ya fara bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a gaɓar tekun Benin. A duk duniya da zafi, da lantarki, da sinadaran rabawa ake wannan aiki, kuma sinadaran ba sa dawowa. Wanda za a iya kunnawa, a kashe, a kwashe a sake amfani da shi zai rage kuɗi, ya rage dattin ruwan da ake zubarwa.

Na uku, gwajin ruwan sha da abinci. Gano ƙwayar cuta ta hanyar renonta a ɗakin gwaji yana cin kwana ɗaya ko fiye, ga buƙatar wutar lantarki da na'urar ɗumi. Ga ƙauyukan Kalfu, Barmu ko Bambai da ke shan ruwan rijiya da na tabki, gwajin da za a karanta da ido ko da waya a bakin rijiya babban abu ne.

Abin da ya rage

Yawancin abubuwan da aka lissafa har yanzu a faranti da ƙananan kwalabe suke. Sabulun haske gram-gram ake haɗa shi da tsada, alhali gona da rijiyar mai tan-tan suke ci. Haske ba ya ratsa baƙin mai ko ruwan laka, saboda haka makunnin haske ya fi dacewa da ƴan na'urorin gwaji masu siraran hanyoyi. Dangin sabulu masu irin cajin amidin sukan cutar da kifi da ƙananan halittun ruwa, wanda ba ƙaramin zance ba ne ga wuri kamar Tabalak, inda masunta da manoma da makiyaya ke cin ruwa ɗaya, kuma tun 2005 tabkin yake cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Sannan sinadarin da ya yi biyayya cikin tataccen ruwa yakan yi gardama idan ya haɗu da gishiri, ƙura da zafi.

Wannan ya sa wasu masu binciken suka juya ga kayan da ke fitowa daga tsirrai. Sabulun man tsirrai ma yana jin CO2, sai dai a juye: iskar na kashe shi, fitarta na tayar da shi. Sinadarin oleyik, wanda da shi aka yi ɗigon da aka tuƙa da haske a Paris, shi ne mafi yawa a cikin man gyaɗa. Aduwa na da sinadari mai kumfa da aka daɗe ana wanki da shi, ƙaro kuwa yana nan a dajin Sahel. Tambayoyin da suka fi kusa da manomin Adar, kamar rijiyar da ke kashe magani da wadda ba ta kashewa, da yawan sabulun da ganyen albasa ke buƙata kafin ɗigo ya tsaya a kansa, ana iya amsa su a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ko a tashoshin cibiyar binciken noma ta INRAN, da takardar auna tsami, da madubin ƙara girma, da samfurin ruwa daga garakan da ake noman.